Ragowar Turaren Inna

Allah ya ba wasu murya, ya ba wasu tsawo, ni kuwa hanci ya ba ni. A duk faɗin Dubai, daga bakin teku har inda yashi ya fara, babu hancin da ya kama ƙafar nawa. Ina tsaye a ƙofar shagona a Al Rigga zan gaya maka abin da ake soyawa a Satwa, da irin man da aka zuba, da ko mai suyar ta tashi da fushi. Mutum ya shigo da turare a jikin riga, kafin ya gama sallama na faɗa masa sunan turaren, da ƙasar da aka yi shi, na kuma jajanta masa cewa jabu aka ba shi. Shekara ashirin da ɗoriya ina cika kwantena da turare zuwa Kano. 'Yan kasuwarmu Alhaji Hanci suke kirana, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ni a wurina naɗi ne.

To wannan hancin ne wani ɗan gwangwanin madara ya durƙusar.

Yayata ce ta aiko shi ta hannun wani mai zuwa sarin kaya. Za a rushe tsohon gidanmu a ɗora bene, suna kwashe tarkacen ɗakin Inna, Allah ya jiƙanta, sai ta tsince shi a bayan tsohuwar adaka, an toshe bakinsa da tsumma da kakin zuma. A ciki akwai ragowar turaren wutar da Inna ta haɗa da hannunta, bai fi cikin ƙaramin cokali uku ba. Saƙon Yaya ya biyo ta waya, kuma Yaya ba ta san kwana-kwana ba. Ta ce, "Kai mai hanci, ga aiki. Ni ban koya ba, Inna ba ta rubuta ba, duk waɗanda suka taya ta sun bi ta. Wannan ne kaɗai ya rage a duniya. Wata biyu ina nan tafe sarin mayafai, ina so in tarar ka dawo mana da shi. Idan ka ƙarar da shi a banza, kada ka zo tarbata filin jirgi." Na yi dariya na ce mata ta sha kuruminta, wannan aikin kafin shayi ya huce ne.

Da na buɗe gwangwanin sai dariyar ta ɗauke. Ban ga shagona ba, ban ji ƙarar jirgin ƙasan da ke wucewa ƙarƙashin titi ba. Tsakar gidanmu na gani da hantsi, ranar haɗa turare. Tun asuba za ka san ranar ce, don turmin da ake dakan kajiji sautinsa daban yake da na dakan hatsi, ƙasa-ƙasa yake fita kamar tari a cikin bargo. Farce kuwa, wato ɗan murfin katantanwar teku da ake sa wa turare don ya kama jiki, kwana uku yake a jiƙe, ana sake masa ruwa, ana kankarewa, kuma wallahi kafin a soya shi warinsa zai iya korar ɓarawo daga unguwa. Inna tana zaune a kan 'yar kujera, zani ɗaure a ƙirji, tana juya narkakken sukari a tukunyar ƙasa da ba a taɓa dafa miya a cikinta ba. Kurciyoyi na kuka a kan katanga, akuyar maƙwabta na leƙowa ta magudanar ruwa, rediyon Baba na can zaure yana magana shi kaɗai. Yaya tana tankaɗe tana mita, ni kuma ina zagaye ina lasar sukarin da ya daskare a jikin muciya. Ba a auna komai da sikeli. Inna za ta ɗebo da yatsu uku, ta tsaya kamar mai sauraron wani, ta mayar da kaɗan. Idan ka tambaye ta nawa ta sa, sai ta ce, "Daidai." Idan an gama a rufe a tulu kwana arba'in, kuma duk wanda ya buɗe kafin lokaci, ko bai faɗa ba, rigarsa za ta kai ƙararsa.

Yanzu fa? Yanzu ina da turare kala ɗari huɗu a kanta, kowanne da sunan da ya fi shi girma. Ka danna ka fesa, ka fita. Gidajenmu sun koma girkin gas, yaro zai girma har ya yi gemu bai taɓa kwashe toka ba. Ba na kuka da wannan, don ni da iyalina a cikinsa muke ci, kuma na gode wa Allah. Amma gidan da aka turara a wancan zamani, ko bayan mako ka ɗaga labule sai ya gaishe ka.

Na shinshina gwangwanin na lissafo abu shida ba tare da na ƙifta ido ba: sandal, kajiji, farce, jawul, kanumfari, miski. Na bi kasuwar kayan ƙamshi ta Deira na zaɓo mafi kyau, na haɗa a ɗakina, na ɗora a kaskon lantarki, irin wanda ake jonawa a bango farantinsa ya yi ja. Abin da ya fito ƙamshi ne, ba laifi, amma na ɗakin jiran baƙi a otal. Sai na ce bari in gwada na Inna a kan kaskon, in ji inda na kauce. Na ɗebi cokali guda na zuba. Ya yi ƙara, ya kumbura, ya baƙe, ya tashi da ƙaurin alewar da ta kama tukunya. Kafin in zare waya ya zama gawayi. Na tsaya ina kallon kashi ɗaya cikin uku na Inna ya tafi, kuma ko sallama bai yi mini ba. Ranar ban yi wa kowa barkwanci ba har aka rufe kasuwa, abin da ya sa maƙwabcina Ba'indiye ya leƙo ya tambaya ko in kira likita.

A nan ne na ajiye girman kai, na hau mota zuwa Dubai Investments Park, can inda masana'antu suke jere kamar akwatuna. A kamfanin da ke ɗura mini turare akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Poland, masaniyar haɗa ƙamshi, mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya. Kowa Dakta yake ce mata. Tana da wani inji da ake ba shi ɗigon abu ya warware shi ya lissafo duk abin da ke ciki. Mun daɗe muna tsokanar juna, ina ce mata injinta almajirin hancina ne, tana ce mini hancina ba shi da takardar shaida.

Ta ce, "Alhaji, injin zai ci cokali guda, kuma ba ya amayarwa. Ka amince?"

Na ce, "Dakta, ba zai yi da rabi ba? Ki ce masa maraya ne ya kawo."

Ta ce ba ya jin roƙo. Na miƙa mata. Saura cokali ɗaya.

Bayan kwana uku ta ba ni takarda. Abu shida na nan yadda na faɗa, har na fara gyara hula. Sai na bakwai, ɗan kaɗan: busasshen ɓawon lemun tsami. Nan take na tuna igiyar da Inna take shanya ɓawon a bayan ɗakin girki, mu a zatonmu maganin sauro ne. Na koma na sake haɗi bisa ma'aunin takarda, a tukunyar ƙasa da na sha wahalar samu, na rufe a kwalba, na ƙirga kwana arba'in kamar mai jego. Ranar da na buɗe, saura kwana huɗu Yaya ta sauka. A cikin kwalba ƙamshinsa sak na gwangwani. Na ɗora a kasko, sai ga ƙaurin alewa ya dawo, har da ƙaninsa.

Na koma wurin Dakta a fusace na ce injinta maƙaryaci ne. Ta haɗa mini shayi a ɗan ofishinta, ta zauna ta bar ni na gama zuba. Da na yi shiru sai ta jawo takardar nan ta juya bayanta, ta rubuta haruffa uku: woń. Ta ce in faɗa. Ana furta ta kamar mutum ya fara cewa "bon", ya fasa, ya ƙarasa ta hanci. Na gwada sau uku, ta ce in bari haka nan kada in ji wa harshensu ciwo.

Ta ce mahaifinta malamin harsuna ne a wani ƙaramin gari, irin mutanen da ba za su miƙo maka gishiri ba sai sun gaya maka inda sunansa ya samo asali. Ranar da ta ce masa ƙamshi za ta karanta, wannan kalmar ya rubuta mata. A yarensu, in ji ta, tsohuwar kalma ce ta ƙamshi, wadda aka fi ji a littafi da bakin tsofaffi. Daga gidan wannan kalmar ne kalmarsu ta shinshinawa ta fito, da sunan da suke kiran jin ƙamshi da shi. Amma idan aka bi ta baya, aka wuce yarensu, aka wuce kakan yarukan yankinsu gaba ɗaya, sai a tarar da wani tsohon tushe wanda ba ya nufin fure, ba ya nufin hanci, numfashi kawai yake nufi. Daga wannan tushen mutanen Girka suka samo sunan iska, Rumawan dā suka samo sunan rai. Ta yi dariya ta ce maƙwabtansu Rashawa suna da kalmar, amma su a wurinsu ta zama ɗoyi, don kalma kamar 'ya ce, gidan da ta tashi shi ke ba ta hali. Sai ta rubuta ta biyu, zapach, wadda suke amfani da ita yau da kullum. Ita kuma, ta ce, asalinta kaɗawar iska ce, kamar a yi fifita abu ya taso ya same ka.

Na ce, "Dakta, na gode da karatu, amma Yayata ba ƙamus za ta shinshina ba."

Ta ce, "Saurara mana. Abin da mahaifina yake nufi shi ne, kakanninmu ba su sa wa ƙamshi suna daga abin da ke cikin kwalba ba. Daga abin da ke ɗauko shi suka sa masa. Injina ya gaya maka abin da mahaifiyarka ta zuba. Bai san yadda take tashinsa ba. A kan me take ƙonawa? Wa yake hura mata?"

Kofin shayin na ajiye. Wa yake hura mata? Ni ne.

Ina da kamar shekara tara. Ana suna a gidan maƙwabta, mata sun cika ɗakin mai jego har bakin ƙofa, kuma turaren Inna za a sa. Hannunta na cikin kwaɓin waina, sai ta ce in kai kasko. Ni kuwa tun ina yaro ba na son abu kaɗan. Na ce yau sai an ji turaren gidanmu har kasuwar Kurmi. Na zaɓi garwashi mafi ja a murhu na cika kasko, na kama mafici da hannu biyu na yi ta bugu har wuta ta miƙe tsaye, na dumbuzi turare cike da tafi na antaya. Hayaƙin da ya tashi, na rantse har yau akwai sauransa a sararin Kano. Mata suka yi waje suna tari, ɗankwali a hannu, ungozoma ta fito da jariri a kafaɗa tana salati, wata tsohuwa ta bi ta kan tukunyar kunu. Na tsaya riƙe da mafici ina jiran mutuwa.

Inna ba ta dake ni ba, kuma na fi son a ce ta daka. Ta ba mutane haƙuri, ta gama wainarta, ta wanke hannu. Da la'asar ta kira ni bayan ɗakin girki. Ta ɗauko garwashi ƙwaya ɗaya tak, wanda ya gama fushinsa ya fara furfura. Ta yi masa fifita sau biyu, ya buɗe ido. Ta ɗebo toka mai sanyi ta lulluɓe shi da bayan cokali har jan ya ɓace. Sannan ta ɗora turare ɗan mitsitsi a kan tokar, ba a kan wutar ba. Ta ce, "Kawo bakinka. Ka taɓa ganin yadda nake hure wa ƙaninka ido idan abu ya faɗa? To haka. Ba kashe gobara na sa ka ba." Na hura. Ta ce na yi yawa. Na sake. Ta ce har da yawu. A karo na biyar wani siririn hayaƙi fari ya miƙe kamar zare, ƙamshin ya buɗe a hankali, lemun tsami a gaba, sandal na biye, farce can a baya yana riƙe da su. Ta ce, "Ka ji? Wuta cinyewa take yi. Ɗumi kawai yake so, sauran aikin na bakinka ne." Daga ranar hura kasko ya zama aikina, duk yammacin Alhamis da safiyar Juma'a, har na tafi kasuwa. Sai kwalabe suka zo, da fesawa, da lantarki, shekaru suka bi ta kai, na manta sarai. Na riƙe abin da ke shiga hanci, na yar da abin da ke fita daga baki.

Na tashi zan rungumi Dakta, na tuna ni Alhaji ne, sai na rungumi injin.

Amma ina za ka samu toka a Dubai? Gawayin da ake sayarwa a nan ƙwallo ne mai kamawa da ashana ɗaya, yana warin albarushi. A ɗakina kuwa ba dama, don na taɓa kunna wuta ƙararrawar hayaƙi ta tara mini mutanen bene goma sha biyu a titi, wasu da kumfar sabulu a ka. Sai na tuna aminina, mutumin Zongon Kumasi, mai gasa nama a wani gidan abinci a Satwa. Shekara goma sha biyar muna cin tuwo tare ranar Juma'a, yana ce mini Bakano, ina ce masa Ɗan Zongo.

Na ce masa toka nake so. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Masa," wato maigida a bakin 'yan Zongo, "mutane na zuwa nan neman nama, kai toka? Kasuwa ta karye ne?"

Na ce garwashin itace na gaske nake so, wanda bai ga kitse ba, da toka mai tsabta.

Ya ce, "Chale, abokina, kai da kake jin abin da nake soyawa daga Al Rigga, ba ka ji ina da toka ba sai yau?" Amma ya ware mini gefe guda a murhunsa, ya ƙona itace shi kaɗai, ya tankaɗe tokar da rariyar fulawa.

Ban gwada ba kafin Yaya ta zo. Tsoro nake ji. Ranar da ta sauka na je tarbarta duk da haka, ta dube ni ta ce, "Ka zo, ke nan akwai labari." Washegari bayan la'asar na kai ta bayan gidan abincin, wani ɗan fili tsakanin tukwanen gas da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa. Ɗan Zongo ya kawo mata kujera yana ta "Sannu Hajiya, akwaaba", wato maraba, ya kawo garwashi a cokalin miya. Na ajiye gwangwanin Inna a gefe da cokali ɗayan da ya rage, don idan nawa ya gaza, a ƙona shi ta ji na gaskiya sau ɗaya, shi ke nan an rabu.

Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙarar da aka ji har garin Sharjah. Garwashi ɗaya. Fifita biyu da murfin kwali. Toka da bayan cokali. Na ɗora haɗina, na kai baki.

Yaya ta ce, "A hankali, sarkin gaggawa."

Ɗan Zongo ya ce, "Shwaiya shwaiya, sannu-sannu, Bakano, ba balan-balan ba ne."

Na hura. Shiru. Na sake. A na uku zaren nan fari ya miƙe.

Yaya ta rufe ido, ta ja mayafinta ta tare hayaƙin kamar yadda matan gidanmu suke yi, ta sunkuyar da kai ciki. Na ga kafaɗunta suna motsi. Can ta ce, ba da ni take ba, "Inna, sannu da aiki." Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido, kuma babu mai hure mini. Ɗan Zongo, wanda bai taɓa ganin Inna ba, ya cire hularsa ta girki ya ce Allah ya jiƙan mai wannan hannu, ya koma ciki da sauri wai namansa zai ƙone.

Na miƙa hannu zan ɗauko gwangwanin mu gwada, a tabbatar. Yaya ta riga ni. Ta mayar da tsumman ta toshe, ta jefa a jaka, ta ce, "Bar shi. Ba sai an tambaye shi ba."

Na gode wa Allah da ya ba ni uwar da ta zaɓi koyarwa a ranar da duka ya halatta. Na gode wa wani malamin makaranta a ƙasar sanyi, wanda ban san sunansa ba, da ya rubuta wa 'yarsa haruffa uku ta riƙe su har Dubai. Na gode wa Dakta, na kai mata kwalba guda da kasko da ƙullin toka, ta ce wannan ne karo na farko da aka ba ta shara a matsayin tukwici. Yanzu duk wanda na ba turaren sai na durƙusar da shi na koya masa huri, ko da babbar riga ya zo. Yaya kuma ta sa na rubuta komai, har da yawan fifita, ta ce za ta koya wa jikokinta.

A hanyarmu ta komawa masaukinta, cikin tasi, ƙamshin na jikin mayafinta, sai na ji ƙarfina ya dawo. Na gyara zama na ce, "Yaya, yanzu kin yarda dai? Abu bakwai, hancin nan ya kamo shida ba inji ba takarda. A duk Dubai wa zai yi wannan?"

Ba ta ko juyo ba. Tana kallon titi ta ce, "Wane hanci? Shekara hamsin da haihuwa, sai da Baturiya ta tuna maka yadda ake hura wuta. Kuma har yanzu da yawu kake yi."